Daga suka ta baya zuwa harin shammata: shekaru 50 na dokar ɓarawo a kan tebur

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu dara a bakin tashar Jibiya, ko a tsallaken iyaka wajen Ɗan Isa, ya san wasan ba shi da rufa-rufa. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, kuma duk abin da abokin karawarka ya mallaka yana gaban idonka. In ya jera uku ya ci maka ɗa, bai ɓoye maka komai ba, kai ne ba ka hango ba. To, a ce ana so a shigar da mai laɓaɓowa cikin wasa irin wannan, mutumin da zai zo ta bayan abokin gaba ba a gan shi ba, ya kai sara ɗaya ya ɓace. Ta yaya za a yi, alhali kowa a wurin ya ji lokacin da mai wasan ya buɗe baki ya ce zai laɓaɓa? Wannan tambayar ce masu tsara wani wasa na Amurka mai suna Dungeons & Dragons suke ta kokawa da ita tun 1975, kuma amsar da suke bayarwa ta sauya kamanni har sau shida ko fiye.

Wasan bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, don haka ga yadda yake a taƙaice. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a tebur, kowa da takarda da fensir. Kowannensu ya ɗauki mutum guda a cikin labari: wannan mayaƙi, wancan matsafi, wancan ɓarawo. Mutum ɗaya kuma shi ne alƙalin wasa, shi ke bayyana inda ake, shi ke magana da bakin dodanni da sarakuna da 'yan fashi. Mai wasa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. 'Ya'yan ludon nan iri-iri ne, akwai mai fuska 4, mai 6 irin wanda muka sani, mai 8, har mai 20. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa. Kowane mutum a labarin yana da makin rai da aka rubuta masa, duk saran da ya same shi sai a rage, in makin ya ƙare ya faɗi. Wanda ya tsira kuwa yakan hau mataki, daga na 1 zuwa sama, ƙarfinsa yana ƙaruwa.

Shi alƙalin nan gadonsa aka yi daga sojoji. A 1824 wani hafsa a rundunar Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira wanda mahaifinsa ya faro. Babbar hikimar wasan ita ce an sa mutum na uku a tsakani. Kowane ɓangare ya faɗa masa inda ya tura dakarunsa, shi kuma ba ya nuna wa ɗaya dakarun ɗaya sai in da gaske za a iya hango su daga inda ake. Da wannan ne kwanton ɓauna ya samu shiga tebur. Wasannin yaƙi suka ci gaba a Turai da Amurka har 1971, lokacin da Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da nasu mai suna Chainmail. Dave Arneson ya ɗauki tunanin ya mayar da shi kan mutum ɗaya-ɗaya maimakon runduna, sannan a 1974 kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin ya buga Dungeons & Dragons da sunan Gygax da Arneson.

Bugun farkon nan ba shi da ɓarawo. Rukuni uku ne kawai: mayaƙi, matsafi, da malamin ibada mai warkarwa. In ana so a laɓe ko a haura katanga, kowa na iya gwadawa, alƙali ya yanke hukunci da hankalinsa. Wasu 'yan wasa a Kalifoniya ne suka fara ƙirƙiro wani mutum mai buɗe kwaɗo da kwance tarko, labari ya kai kunnen Gygax, ya rubuta nasa, kuma a 1975 ɓarawo ya bayyana a ƙaramin littafin ƙari mai suna Greyhawk, wanda Gygax ya rubuta da Rob Kuntz. Ba daga sama ya faɗo ba. Masu karatun ƙagaggun labarai a lokacin sun san Gray Mouser na Fritz Leiber, ɗan ƙaramin mutum mai saurin hannu wanda ya fara fitowa a 1939, sun san Cugel na Jack Vance, sun kuma san Bilbo na Tolkien wanda aka ɗauka aikin sata a gidan dodo. Irin waɗannan mutanen ake so a zauna a tebur a zama.

Sai dai an yi ɓarawon da rauni ƙwarai. Makin ransa da ɗan ludo mai fuska 4 ake jefa shi, wato a matakin farko sara ɗaya na iya gamawa da shi. Sulken fata kaɗai aka yarda ya sa. A fagen daga gaba da gaba ba shi da ta cewa. Abu ɗaya aka ba shi na faɗa: in ya samu ya zo ta bayan mutum shiru ba a ankara ba, ana ƙara masa 4 a kan abin da ya jefa don saran ya shiga, kuma raunin da zai yi ya ninka biyu. Littafin 'yan wasa na 1978, na bugun da ake kira Advanced Dungeons & Dragons, ya jera abin dalla-dalla: ninki biyu daga mataki na 1 zuwa na 4, ninki uku daga na 5 zuwa na 8, ninki huɗu daga na 9 zuwa na 12, ninki biyar daga na 13. Wannan ita ce suka ta baya, uwar duk dokokin da suka biyo.

A takarda abin yana da ban tsoro. A tebur kuwa wahala ce zalla, kuma lissafin littafin ne ya jawo. Ɓarawon da ke matakin farko a bugun 1978, damarsa ta tafiya ba motsi kashi 15 ce cikin ɗari, ta ɓuya a inuwa kuma kashi 10. Hawa bango ne kawai yake da kashi 85. In alƙali mai tsanani ne ya ce sai an ci duka biyun, tafiya shiru da ɓuya, kafin a kai ga bayan mutum, damar ba ta kai biyu cikin ɗari ba. In ma an dace, gajeren takobin da ke yin rauni tsakanin 1 da 6 ya koma tsakanin 2 da 12, matsakaicinsa 7. Wannan zai kayar da ɗan ƙaramin maƙiyi, amma babba sai dai ya juyo a fusace, ya tarar da mutum mai sulken fata shi kaɗai, abokansa suna can nesa domin ƙarar sulkensu na ƙarfe ta hana su rakiya. Bahaushe ya ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A wannan tebur an juya maganar, ɓarawo ne ke jiran ranarsa ɗaya.

Abin da ya fi lissafin ciwo shi ne komai yana hannun alƙali. Shin mai gadin ya ji motsi? Ina ya fuskanta? In faɗa ya riga ya kaure, ana iya zagayowa ta baya, ko kuwa kowa ya riga ya farga? Littafi bai warware ba. A wani tebur ɓarawo yana sukar baya sau uku a zama ɗaya, a wani kuma zai yi wata shida bai samu ko ɗaya ba, ga shi doka ɗaya suke karantawa. Akwai kuma wani ƙorafi da tsofaffin 'yan wasa suke yi har yau: tun da aka rubuta cewa ɓarawo ne mai laɓewa da hawan bango, sai alƙalai suka fara ɗauka cewa sauran ba su iya ba. An buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, an rufe wa uku.

Duk da haka ba na son a wuce tsohuwar dokar nan da raini, domin ta san wani abu na gaskiya, kuma mutanen yankin Jibiya sun fi marubutanta saninsa. Ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, inda Jibiya take zaune, ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 cikin hari. Bayan da jihadi ya ci birnin Katsina, gidan sarautar da aka kora ya kafu a Maraɗi, kuma daga can aka yi ta kai farmaki kudu, musamman a zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, tun kafin Ingila da Faransa su zo su shata iyaka. Yau ma 'yan bindiga sun mayar da kwanton ɓauna abin da manomi da direba suke lissafawa kafin su fita. Wanda ya rayu a irin wannan wuri ya san shammata tana bukatar dogon jira, tana faruwa sau ɗaya, kuma wanda ya yi ta ba jarumi ba ne. Dokar 1978 ta kama duka ukun. Ta sa abin ya yi wuya, ta ba da sara ɗaya tak, sannan ta ce ɗabi'ar ɓarawo a tsaka-tsaki take ko a mugunta, ba kasafai yake zama mutumin kirki ba. Ban ɗauki wannan a matsayin kuskuren masu tsara wasa ba. Sun kalli suka ta baya sun kira ta da abin da take.

Bugu na biyu ya fito a 1989 ƙarƙashin jagorancin David Cook, bayan shekarun da wasu iyaye da malaman coci a Amurka suka yi ta zargin wasan da koyar da tsafi, har tashar CBS ta yi shiri a kai a 1985. Kamfanin ya yi taka-tsantsan. An cire rukunin makashin haya daga babban littafi, an sauya sunayen shaiɗanu. Ɓarawo ya tsira, har ya samu sauƙi: an ba mai wasa maki 60 a farko da 30 a kowane mataki ya raba wa fasahohinsa yadda ya so, don haka mai son laɓewa zai iya zuba nasa a nan. Amma suka ta baya sai aka ƙara mata sharuɗɗa. Dole wanda za a soka ya kasance mai siffa irin ta mutum, dole yana da bayan da za a iya nunawa, dole kuma hannun ɓarawo ya kai wurin da ke kisa. Ƙaton da ya ninka mutum tsawo, sai an hau wani abu kafin a soke shi. Ninkin ma a kan raunin makamin kaɗai yake, ƙarin ƙarfin damtse da na tsafi daga baya ake sa su. An so a rage gardama, sai aka ƙara abubuwan da za a yi gardama a kansu.

Babban juyi ya zo ne bayan TSR ta durƙushe da bashi. Wizards of the Coast ta saye ta a 1997, Hasbro kuma ta sayi Wizards a 1999. A shekarar 2000 Jonathan Tweet da Monte Cook da Skip Williams suka fitar da bugu na uku, kuma suka yanke wata shawara da ta kashe suka ta baya ba tare da sun nufe ta kai tsaye ba: sun cire fuskanta daga dokar faɗa. Suka ce mutumin da ke tsakiyar artabu ba a tsaye yake kamar gunki ba, juyawa yake ta kowane gefe, don haka a lissafin wasa ba shi da gaba ba shi da baya. To in babu baya, ina za a soka? Dole aka nemi wani dalili. Aka kuma sauya wa ɓarawon suna zuwa wani mai faɗi, wanda za mu iya kira tantiri, domin ya ɗauki ɗan leƙen asiri da ɗan kasada da mai binciken sirri, aka kuma yarda ya zama mai kowace irin ɗabi'a, har ta kirki.

Sabon dalilin shi ne rabuwar hankali. Tantiri yana samun harin shammata a hali biyu. Na ɗaya, in maƙiyi ba ya cikin halin kauce wa sara: faɗa ya fara bai riga ya motsa ba, ko bai ga mai harin ba, ko an ɗaure shi. Na biyu, in an sa shi a tsakiya, tantiri a wannan gefe, abokinsa a ɗaya gefen daidai saitinsa. Maimakon ninki kuma sai aka koma ƙari: ɗan ludo mai fuska 6 guda ɗaya a mataki na 1, a ƙara ɗaya bayan kowane mataki biyu, har su kai 10 a mataki na 19. Jifa goma matsakaicinsu 35 ne, a kan raunin makamin. An yarda a yi da baka ko majajjawa muddin tazarar ba ta wuce ƙafa 30 ba, wajen mita 9. A ganina wannan ne sauyi mafi girma a tarihin dokar gaba ɗaya. Mutumin da a da yake barin abokansa ya tafi cikin duhu shi kaɗai, yanzu ba shi da abin da ya fi bukata kamar mayaƙin da zai tsaya ya riƙe hankalin maƙiyi. Kuma mai wasa ya daina roƙon alƙali. Ga taswira mai gida-gida a kan tebur, kowane gida ƙafa 5, kowa na iya ƙirgawa ya ga an sa dodo a tsakiya ko ba a sa ba.

Sai dai bugu na uku, da gyaransa na 2003, sun riƙe wani tunani daga tsohuwar doka: shammata aikin sanin inda rai yake ne, wuya ko ƙoda ko ƙahon zuci. Saboda haka duk abin da ba shi da irin waɗannan gaɓoɓi ba ya shammatuwa. Gawarwakin da tsafi ya tayar, gumakan dutse da na ƙarfe masu motsi, tsirrai masu cin mutum, halittu masu kama da kunu, duk sun kuɓuta. Ko hazo ko duhun da ya hana ganin maƙiyi sosai yana hana harin. Hankali ya yarda da wannan, amma ka dubi mai wasan. Alƙali ya shirya labarin da zai ɗauki zama goma a cikin tsohuwar maƙabarta, duk maƙiyan matattu ne. Mayaƙi na sara, matsafi na ƙona su, malamin ibada na korarsu, shi kuwa tantiri yana riƙe da 'yar wuƙa mai rauni 1 zuwa 4, makonni a jere. A ɗaya gefen kuma, in maƙiyin mai jini ne, abin ya yi yawa, domin ƙarin yana hawa kan kowane sara. Tantirin da ya koyi faɗa da wuƙa biyu zai iya kai sara biyar ko shida a zagaye ɗaya, kowanne da 'ya'yan ludonsa goma. Ko yunwa ko ƙoshin da ya wuce kima.

Gyaran ya zo ta hanya biyu. Bugu na huɗu na 2008, shekarar da Gygax ya rasu, ya raba wa kowane rukuni aikinsa a fagen faɗa, ya ce aikin tantiri shi ne kai sara mai zafi. Ya taƙaita harin zuwa sau ɗaya a zagaye, da 'ya'yan ludo biyu a matakai goma na farko, uku a na tsakiya, biyar a na ƙarshe, ya kuma soke kariyar matattu. Kamfanin Paizo, wanda ya fitar da Pathfinder a 2009 don waɗanda suka ƙi barin bugu na uku, ya bar ƙarin a kan kowane sara amma shi ma ya yarda a shammaci matattu da gumaka. Gidaje biyu masu hamayya suka isa wuri ɗaya: ba daidai ba ne a zaunar da mutum a tebur awa huɗu ba shi da abin yi.

Dokar da mafi yawan masu wasa suka sani yau ita ce ta bugu na biyar, na 2014, wanda Mike Mearls da Jeremy Crawford suka jagoranta, kuma ita ce wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 ya ɗauka ya kai wa miliyoyin mutane a 2023. Ga yadda take aiki. Don kai sara ana jefa ɗan ludo mai fuska 20. In mutum yana da fifiko, misali ba a gan shi ba ko maƙiyin yana kwance a gabansa, sai ya jefa biyu ya ɗauki mafi girma, abin da ke mayar da damar rabi da rabi zuwa uku cikin huɗu. Tantirin da yake da wannan fifiko, in saransa ya shiga, ya samu harin shammata. In ba shi da fifiko kuwa, ya isa a ce akwai wani abokin gaban maƙiyin a tsaye cikin ƙafa 5 da shi, yana cikin hayyacinsa, kuma babu wani abin da ya tauye tantirin a wannan jifa. Ba sai an sa shi a tsakiya ba, kusanci kaɗai ya wadatar. Makamin dole ya zama na saurin hannu, kamar wuƙa ko siririn takobi, ko kuma na harbi daga nesa. Gatari da gudumar yaƙi ba sa ciki, haka naushi, haka tsafi. Yawan ƙarin bai sauya daga na shekarar 2000 ba, ɗaya a farko, goma a mataki na 19, kuma babu wata halitta da aka keɓe.

Akwai wani lungu a dokar da yake rikita sababbi. An ce sau ɗaya a kowane layi, ba a ce sau ɗaya a zagaye ba. Zagaye shi ne kowa a tebur ya yi nasa sau ɗaya. Layi kuwa na mutum guda ne, ko naka ko na wani. Saboda haka tantiri na iya yin shammata a layinsa, sannan in layi ya zo kan maƙiyi ya juya zai gudu, tantirin ya bi shi da saran da doka ta ba kowa a kan mai ficewa, ya sake samun ƙarin, muddin sharuɗɗan sun cika. In kuma ɗan ludon ya faɗi a kan 20, duk 'ya'yan ludon rauni ninkawa suke, har da na shammata. Daga mataki na 2 an ba shi damar ya ƙara gudu, ko ya zame daga faɗa ba a sare shi ba, ko ya ɓuya, duk a cikin layin da ya kai sara. Sari-ka-noƙe ya zama tsarin aikinsa na kullum. Alƙalai da yawa in suka ga tantiri yana samun ƙarin a kusan kowane zagaye sai su tsorata su fara hana shi. Kuskure ne. Mayaƙi yana samun sara biyu a mataki na 5, uku a na 11, huɗu a na 20, tantiri kuwa sara ɗaya yake da shi har abada. An gina lissafin a kan cewa zai riƙa samun ƙarin a kai a kai, in aka hana shi ya koma baya da kowa.

In aka ce in zaɓa wa yara masu son koyon wasan nan, dokar 2014 zan ba su ba tare da jinkiri ba. Ta fi adalci, ta fi sauƙin koya, kuma tana sa mai wasa ya riƙa kallon inda abokinsa ya tsaya, ya ce masa matso nan ka riƙe mini shi. Amma ina ganin abin da aka bayar aka sayi wannan sauƙi. Yanzu tantiri na iya tsayawa da rana tsaka, maƙiyi na kallonsa ido cikin ido, ya yi harin da ake kira na shammata sau goma a jere. Jiran ya tafi, fargabar ta tafi, kunyar abin ma ta tafi. Abin da ya rage ƙwarewar mai wuƙa ce wanda ya iya amfani da ɗan sakacin abokin faɗa, kuma wannan abu ne mai kyau a wasa, sai dai ba shi ne abin da aka faro da shi ba. Alƙalin da yake son 'yan wasansa su ji nauyin zuwa wa mutum ta baya, dole ya kawo nauyin daga labarinsa: wane ne mai gadin, wa ya bari a gida, me garin zai ce gobe. Littafin doka ya daina yi masa wannan aikin tun shekarar 2000.

Gyare-gyaren baya-bayan nan sun bi wannan hanya. Littafin ƙari na 2020, Tasha's Cauldron of Everything, ya ba tantiri damar ya tsaya cak bai motsa ba a layinsa, ya saita hannu, ya samu fifiko ko babu aboki kusa ko babu wurin ɓuya. A 2024, shekarar da wasan ya cika 50, sabon littafin 'yan wasa ya shigar da wannan cikin ainihin doka a mataki na 3, ya kuma mayar da 'ya'yan ludon shammata wani abin ciniki. Daga mataki na 5 tantiri na iya ajiye ɗaya daga cikinsu ya yi wa maƙiyi ƙafa ya faɗi, ko ya sa masa guba, ko ya ja da baya lafiya. A mataki na 14 zai iya ba da shida don ya sumar da mutum. Wannan na ƙarshen ya burge ni, domin yana ba mai wasa hanyar kawar da mai gadi ba tare da ya kashe shi ba, ko da yake an ajiye ta can sama inda 'yan wasa kaɗan ne suke kaiwa.

Ɓuya ce har yanzu ta ƙi zama lafiya a takarda. Littafin 2024 ya yi ƙoƙarin ɗaure ta da lamba: mutum ya kasance a bayan abin da ya kare shi ko cikin duhu sosai, babu maƙiyin da ke hango shi, ya jefa ya samu 15 ko sama, sai a ɗauke shi a matsayin wanda ba a gani. Nan take aka fara tambaya. In ya fito daga bayan ginshiƙi ya ratsa tsakar fili zuwa wajen mai gadi, har yanzu ba a ganinsa? Dokar ta ce ɓuyan yana ƙarewa in maƙiyi ya gano shi, amma yaushe ne za a ce ya gano shi, a wasan da tun shekarar 2000 aka ce mutum yana kallon kowane gefe? Wasu teburan sun ce da ya fito fili an gan shi. Wasu sun ce yana da har ƙarshen layinsa ya isa ya kai sara. Wasu kuma sai alƙali ya tsaya ya duba ko mai gadin yana hira ne, ko gyangyaɗi yake, ko ya juya wajen wuta, sannan ya ce wa mai wasan ya jefa.